Baƙi miliyan 2 a shekara amma dala ta yi wuya: ina kuɗin yawon buɗe idon Maldives ke tafiya?

Mai_Lissafi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. A 2024 Maldives ta karɓi masu yawon buɗe ido sama da miliyan 2, karon farko a tarihinta, alhali mazauna ƙasar duka-duka dubu 500 ne da 'yan kai, har da baƙin ma'aikata. Kuma baƙin nan masu abin hannu ne, akwai ɗakunan da ake biyan dala dubu da ɗoriya a kwana ɗaya. To amma a shekarar ce Fitch, kamfanin da ke auna ƙarfin ƙasashe na biyan bashi, ta sauke darajar bashin ƙasar zuwa CC, matakin da ke nuna ana fargabar ta kasa biya, takwararta Moody's ma ta sauke, har hukuma ta koma tilasta wa otal-otal su riƙa canza dala a bankunan cikin gida. Ni a ganina, a fagen kasuwa Maldives ba ta da abokin karawa, laifin duk na gwamnati ne da cin bashi. Ko akwai abin da ban hango ba?

Hajiya_Tikiti:
Wa alaikumus salam. Malam, ta fuskar haja kana da gaskiya. Hajar Maldives ita ce keɓewa. Tsibirai ne kusan 1,200, waɗanda mutane ke zaune a kai ba su kai 200 ba. Tun da aka buɗe otal ɗin Kurumba a 1972 aka ɗauki tsarin otal ɗaya a tsibiri ɗaya: gwamnati ta ba kamfani hayar tsibirin da ba kowa, ya gina, daga baƙonsa sai ma'aikacinsa. Ba mai talla, ba mota, ba mai leƙe. Yanzu irin waɗannan otal-otal sun haura 170. Wanda ya sauka can ba shi da inda zai sayi abinci ko ruwan sha sai wurin mai masaukinsa, don haka duk abin da ya kashe aljihu ɗaya yake faɗawa. Ga sauƙin shiga: bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, abin da ake nema kawai ka cike fom ɗin IMUGA ta intanet cikin awa 96 kafin isowa. Daga Dubai ko Doha kuma tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce.

Sarkin_Hanya:
Hajiya, a ƙara wa masu karatu bayani kada wani ya ɗauka fasfo kaɗai ya isa. Ana son tikitin komawa da shaidar kama masauki. Wanda ya taso daga ƙasar da ake samun zazzaɓin shawara, kamar Najeriya ko Nijar ko Ghana, sai da katin rigakafi. Ba a shiga da giya ko naman alade, kuma tun ƙarshen 2024 an hana shiga da sigarin lantarki. Masu fasfon Isra'ila an rufe musu ƙofa da doka a 2025.

Injiniya_B:
Malam Mai_Lissafi, inda Hajiya ta nuna ƙarfin, nan ne dai kuɗin ke zurarewa. Otal ɗaya a tsibiri ɗaya na nufin kowane otal sai ya zama gari mai cin gashin kansa, domin ba wayar lantarki ko bututun ruwan da ya taho daga babban birni.

Wuta: janaretocin dizal, aƙalla uku, biyu suna karɓa-karɓa ɗaya yana zaman ko-ta-kwana. Inji mai lafiya yana shan wajen lita 0.27 zuwa 0.3 a kowane kilowat-awa, kuma na'urorin sanyaya ɗaki da firjin ajiyar abinci ba sa hutawa dare da rana. Man nan kowane ɗigo da dala aka sayo shi daga waje, sannan aka sake yi masa dako a jirgin ruwa zuwa tsibirin.

Ruwa: na teku ake tacewa. Ana jawo shi, a bi da shi ta matatar yashi, sannan ta matata mai ramin mikron 5, sai famfo ya tura shi da matsi na bar 55 zuwa 70 ta cikin fatar da ke riƙe gishiri. A kowace lita 100 wajen 40 ce ke fitowa mai daɗi, sauran ta koma teku da gishirinta kusan ninki biyu, shi ya sa dole bakin bututun zubarwa ya wuce bayan murjani, wato dutsen teku mai rai da ke kewaye tsibirin, inda igiya za ta kwashe. Lita 1,000 tana cin kilowat-awa 3 zuwa 4 idan injin na zamani ne. Abu biyu ke yawan kashe fatar: klorin ya taɓa ta, ko a kashe inji kwanaki ba a ɗauraye shi da ruwa mai daɗi ba, ƙwayoyin cuta su yi yauƙi su toshe. Ko babban birnin Malé, da gobara ta kama injin tace ruwansa a Disambar 2014, famfo ya ƙafe, sai da Indiya ta yi jigilar ruwa a jiragen sama da na ruwa.

Ban da kifi da kwakwa kuwa, kusan komai shigo da shi ake yi: shinkafa, fulawa, nama, kayan lambu, siminti, katako, har yashi da tsakuwar gini daga Indiya ake kawowa, tun da an hana fasa murjani don gini.

Bakatsine77:
Ikon Allah. Ƙasar da yashi ne abin tallarta tana sayen yashi daga waje?

Injiniya_B:
Ƙwarai kuwa. Yashin bakin tekunsu garin murjani ne, ga laushi ga gishiri, yana cinye rodi. Kuma in aka kwashe shi tsibirin ne ke raguwa.

Mai_Canji:
Bari in ɗora a kan ta Injiniya. Dalar da baƙo ya biya, da yawa daga cikinta ba ta ma taka ƙasar. Bajamushe ko Bature ɗan Ingila yakan biya kamfanin shirya tafiya na ƙasarsu ko shafin kama ɗaki na intanet, su cire la'adarsu, sau da yawa kashi 15 zuwa 25. Idan otal ɗin yana ɗauke da sunan Hilton ko Marriott ko Four Seasons, akwai kason da ake biyansu na suna da gudanarwa. Ginin da bashin dala aka yi shi, ana biya a waje. Mafi yawan ma'aikata 'yan Bangladesh ne da Indiya da Sri Lanka da Nepal, ƙarshen wata gida suke aikawa.

Kuɗin ƙasar rufiya ne, farashin hukuma kuma rufiya 15.42 ne a dala, an daɗe a haka, amma ɗan kasuwar da ke son shigo da kaya ba ya samun isasshe a banki, sai ya bi kasuwar bayan fage inda ta fi tsada. Mai otal kuma me zai kai shi banki ya sayar a 15.42? Wannan ne ya haifar da dokar da ta fara aiki a Janairun 2025: babban otal ya canza dala 500 a kan kowane baƙo ko kashi 20 na cinikinsa, ƙaramin masauki dala 25 a kan kowane baƙo. Masu otal sun yi ta ƙorafi, suna cewa albashi da dizal da hayar tsibiri da haraji duk da dala suke biya, rufiyar ba su da abin yi da ita.

Mai_Lissafi:
Na gode Injiniya, na gode Alhaji Mai_Canji. Amma har yanzu ban sauka daga kan maganata ba. Zurarewar nan tun 1972 ake yin ta, ba ta kai ƙasar bakin rami ba sai da aka shiga manyan ayyuka da bashi: gadar Sinamalé da Chaina ta gina aka buɗe a 2018, dogayen benayen gidaje na tsibirin Hulhumalé da ke kusa da Malé, faɗaɗa filin jirgin Velana. Ga sukuk, wato takardun bashi na tsarin Musulunci, na dala miliyan 500 da aka ci a 2021 da ribar kusan kashi 10, wa'adin biyansa Afrilun 2026. Bashin gwamnati ya zarce girman tattalin arzikin ƙasar gaba ɗaya. A Oktoban 2024 sai da Indiya ta agaza da musayar kuɗi ta dala miliyan 400. Wannan ai ba laifin janareta ba ne.

Yar_Damagaram:
Malam, ka duba dalilin cin bashin. Tsibirai kusan 190 ne ke da jama'a, wani mutum 500 ne a kai, amma sai an yi masa tashar jirgin ruwa, gidan wuta, makaranta, asibiti da injin ruwa. Ga inshorar lafiya ta Aasandha da ke ɗaukar kowane ɗan ƙasa tun 2012, ga tallafin wuta da na abinci. Warwatsuwar da ta ba su hajar sayarwa ita ce ta sa mulkin ƙasar ya yi tsada. Filin jirgi kuma ba ado ba ne: da tsohon titin sauka guda ɗaya da ƙaramar tasha, adadin baƙi ya riga ya kai maƙura. An yi almubazzaranci, ban musa ba, amma a raba bashin da ke kawo baƙo da wanda aka ci don zaɓe.

Sarkin_Hanya:
Tun da an zo kan filin jirgi, akwai wani ƙulli da masu sayar da tikiti ke yawan faɗawa ciki. Otal-otal na kusa da Malé kwale-kwale mai gudu ke kai mutum, dare ko rana. Na nesa, kamar na yankin Baa ko Ari ko Noonu, sai jirgin sama mai sauka kan ruwa, ƙirar Twin Otter, mai ɗaukar wajen mutum 15. Kamfanin Trans Maldivian ya fi kowa yawan irin waɗannan jirage a duniya. Amma da ido matuƙi ke sauka, don haka rana na faɗuwa an tashi aiki. Wanda jirginsa ya iso Velana bayan la'asar, sai ya kwana a Hulhumalé ko Malé, alhali ya riga ya biya kuɗin daren a otal. Kaya kilo 20 ne da jakar hannu kilo 5, abin da ya ƙaru a biya. Kuɗin zuwa da dawowa sau da yawa dala 400 zuwa 600 ne kowane mutum, kuma ba ya cikin farashin ɗakin da ake gani a talla. In hadari ya taso a lokacin damina, jadawalin ranar gaba ɗaya ya rikice.

Hajiya_Tikiti:
Farashin talla kam yana rufe ido. A ɗauki ɗakin dala 500 na mutum biyu. A ɗora kashi 10 na hidima, wanda doka ta wajabta kuma kusan dukkansa na ma'aikata ne: 550. A ɗora harajin kaya da hidimar yawon buɗe ido kashi 17 a kan jimlar: 643.5. Sai harajin muhalli dala 6 kowane mutum a kwana.

Mai_Canji:
Hajiya, dala 6 tsohon farashi ne. Daga Janairun 2025 an ninka: 12 a manyan otal-otal, 6 a ƙananan masaukai. Lissafinki zai tsaya a 667.5, wato sulusi ya hau kan farashin talla. Shi kansa kashi 17 ɗin, da 3.5 aka fara a 2011, ya kai 12 a 2014, 16 a 2023, 17 a Yulin 2025. Harajin fita ma an ɗaga a Disambar 2024, daga dala 30 zuwa 50 ga baƙon da ke ƙaramar kujera. Duk lokacin da asusu ya yi ƙasa, baƙo ake juyowa. Mai kuɗin gaske ba ya ji, amma ma'auratan da suka yi shekara suna tari suna kwatantawa da Zanzibar da Thailand.

Hajiya_Tikiti:
Haka ne Alhaji, 12 ne yanzu. Allah ya saka.

Dan_Masauki:
Kowa yana maganar manyan otal-otal, an manta da ɓangaren da kuɗinsa ya fi zama a gida. Shekaru da dama kafin 2009 an hana buɗe masaukin baƙi a ƙauyukan tsibiran da jama'a ke zaune. Gwamnatin Mohamed Nasheed ce ta buɗe ƙofar, masauki na farko ya fara aiki a Maafushi a 2010, yanzu suna da ɗaruruwa a Thulusdhoo, Dhigurah, Ukulhas, Thoddoo da sauransu. Ɗaki dala 50 zuwa 120. Daga Malé zuwa Maafushi jirgin fito na gwamnati awa ɗaya da rabi ne a kan 'yan daloli, mai gudu kuma wajen dala 25 cikin minti 40. Mai ɗaki ɗan gari, mai kwale-kwale ɗan gari, mai shago ɗan gari.

Matsalarsa ita ce gini ya riga kayan more rayuwa. Maafushi tsawonsa bai wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba, amma an cika shi da benaye. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a irin waɗannan tsibirai siririn falle ne da ke yawo a kan ruwan gishiri. In aka zuƙe shi da yawa gishiri ya hauro, in masai ya yi yawa kusa da rijiya ya gurɓace. Sannan masu manyan otal suna ganin ɗakin dala 60 yana zubar wa sunan ƙasar daraja.

Uwar_Biyu:
Don Allah Malam Dan_Masauki, ga iyali Musulmi wanne ya fi dacewa?

Dan_Masauki:
Hajiya, tsibirin jama'a ya fi sauƙi. Ƙasar Musulmi ce gaba ɗaya, abinci halal, masallaci a kowace unguwa, ba a sayar da giya, kuma masu kayan iyo an killace musu gefe ɗaya na bakin teku. A manyan otal-otal akwai giya, wasu har da alade, sai a tambaya tun kafin a biya, a kuma nemi ɗaki mai katanga da wurin iyonsa. A kiyaye Juma'a, jiragen fito na gwamnati ba sa aiki ranar.

Malam_Tarihi:
Mai_Lissafi ya ce ba su da abokin karawa, sai na tuna ba wannan ce hajarsu ta farko ba. Kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kano da Katsina, ƙaraminsa mai daraja daga tsibiran nan yake fitowa. Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a Malé a wajen 1343, ya ga yadda suke tara shi, daga baya kuma ya tarar da shi yana yawo a Mali da Gao. Jiragen Holan da na Ingila sun yi ta lodinsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, har aka sayi bayi da shi. Ɗaruruwan shekaru kasuwar tana hannunsu. A tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka fara kwaso wani irin wuri mai araha daga Zanzibar, kasuwa ta cika, daraja ta faɗi.

Bakatsine77:
Malam ka kai mu nesa, amma na gane inda ka dosa. To yau wa zai iya kwaikwayonsu?

Hajiya_Tikiti:
Saudiyya ta riga ta fara. A tsibiran Bahar Maliya, irin su Ummahat da Sheybarah, an buɗe otal-otal masu ɗakuna a kan ruwa, kuma sun fi kusa da Turai. Seychelles da Mauritius kuma suna da duwatsu da dazuzzuka da garuruwan da baƙo zai zaga, abin da Maldives ba ta da shi. Mai kwana goma a tsibirin da ake zagaye shi cikin minti 20 yakan gaji. Sai dai har yanzu ba wanda ya tara yawan otal, jiragen ruwa da na sama, da ƙwararrun ma'aikata na shekara 50 a wuri guda.

Yar_Damagaram:
Ni abin da nake ganin ya fi ƙarfi a hannunsu shi ne ba su rataya a kasuwa ɗaya ba. A lokacin korona sun rufe a Maris 2020, suka sake buɗewa 15 ga Yuli, tun duniya na kulle, domin kowane otal da ma a killace yake. Duk da haka baƙi sun faɗo daga miliyan 1.7 zuwa dubu 555, tattalin arziki ya ragu da kusan sulusi. Chaina, wadda ke kan gaba a 2019, ta ɓace shekara uku, Indiya da Rasha suka cike gurbin. A Janairun 2024 wasu mataimakan ministoci uku suka yi wa Firaministan Indiya Narendra Modi kalaman ɓatanci bayan ziyararsa tsibiran Lakshadweep na Indiya, Indiyawa suka shiga ƙaurace wa ƙasar, adadinsu ya sauko daga sama da dubu 200 zuwa wajen dubu 130. A shekarar Chaina ta dawo kan gaba, jimla ta haura miliyan 2.

Mai_Lissafi:
To kin ga, wannan ma ya ƙarfafa maganata. Kasuwa tana farfaɗowa da kanta, bakin 'yan siyasa ne ke jawo asara.

Kifin_Teku:
Malam, akwai abin da ba ya farfaɗowa da saurin kasuwa, kuma a kansa komai ya tsaya. Murjani halitta ce mai rai, a cikin jikinta akwai ƙananan tsirrai da ke ba ta launi da mafi yawan abincinta. Idan zafin ruwa ya ɗara na watan da ya fi zafi da digiri 1 kacal, ya kuma daɗe wajen mako huɗu, sai ta fitar da tsirran ta yi fari fat. In ya kai mako takwas, mutuwa ta fara. A 1998 mafi yawan murjanin da ke ruwa marar zurfi a Maldives ya mutu. An sake yi a 2016, an sake a 2024. Nau'i mai rassa, wanda ya fi saurin girma, yana son shekara 10 zuwa 15 kafin ya dawo, kuma tazarar da ke tsakanin zafi da zafi tana raguwa.

Murjanin nan shi ke karya ƙarfin igiya kafin ta iso gaɓa, kuma shi ne masana'antar yashi: kifi mai bakin aku yana gwaguyarsa ya fitar da farin gari. Murjani ya mutu, yashi ya daina zuwa, igiya ta shigo da ƙarfinta. Kashi 80 na ƙasar bai kai mita 1 sama da teku ba.

Abin takaici, wata ɓarnar da hannu ake yin ta. Tsibirai masu kyau na kusa da Malé sun ƙare, sai aka koma zuƙo yashi daga ƙasan teku ana cike tafkunan murjani a ƙirƙiri sabbi. Ƙurar aikin tana sauka kan murjanin da ke kewaye ta shaƙe shi. Yashin tsibiri kuma yana ƙaura: iskar Iruvai daga Disamba zuwa Afrilu ta tura shi gefe ɗaya, ta Hulhangu daga Mayu zuwa Nuwamba ta dawo da shi. Mai otal ya ga gabansa ya zaizaye, ya gina katanga cikin ruwa, ya tare hanyar, ɗaya gefen ya rame, sai a koma turo yashi da famfo duk shekara.

Inda aka yi tsari kuwa an ga amfani. Hanifaru a yankin Baa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren kariya a 2011, an hana nutso da tulun iska, an ƙayyade yawan mutane da mintocin da za su yi, kuma manyan kifaye masu faɗi da ake kira manta suna taruwa duk damina, lokacin da da ma ciniki ke ja baya.

Sarkin_Hanya:
A haɗa da shara. Tun 1992 ake jibge ta a Thilafushi, tafkin da aka cike da bola, 'yan kilomitoci daga Malé. Shekaru ana ƙona ta a fili, baƙi suna hango hayaƙin daga jirgi.

Bakatsine77:
Injiniya, hasken rana fa? Ƙasa ce a kan layin tsakiyar duniya, me ya hana su rabu da dizal?

Injiniya_B:
Fili. Tsibirin otal ba shi da wurin shimfiɗa faranti sai rufin gidajen ma'aikata da kicin, kuma ba mai sare bishiyar kwakwa don sola. Shi ya sa wasu suka koma faranti masu yawo a kan ruwa. Sannan nauyin wuta da dare yake, lokacin da kowa ya koma ɗaki ya kunna sanyi, don haka sai da batura masu yawa. In babu su, janareta dole ya ci gaba da juyawa, kuma in nauyinsa ya sauka ƙasa da wajen kashi 30 man ba ya ƙonewa sosai, ya riƙa tara baƙin maiƙo a salansa. Iskar gishiri kuma tana cin ƙarfe da mahaɗar waya, sai an sa bakin ƙarfe marar tsatsa ko alminiyam na jiragen ruwa, a riƙa wanke faranti da ruwan da aka tace da tsada. Ana yi, yana rage dizal ɗin rana sosai, amma faranti da batura su ma da dala ake sayo su, Malam Mai_Lissafi, kuma mai ba da bashin zai fara duba darajar da Fitch ta ba ƙasar kafin ya yanka kuɗin ruwa.

Mai_Lissafi:
A nan kam mun haɗu, Injiniya, domin darajar ai gwamnati ce ta zubar da ita. Alhaji Mai_Canji, harajin muhallin da aka ninka zuwa dala 12, asusunsa daban ne ko cikin baitulmali yake narkewa?